Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli Na Tarayya Da Kwamishinonin Muhalli Na Jihohin Jigawa Da Yobe Kan Ƙidayar Tsuntsayen Fadamar Haɗejiya Da Nguru

Mai girma Minista, masu girma Kwamishinoni, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a kan wata taska da ke ƙarƙashin kulawarku wadda har yau ba a ci moriyarta yadda ya kamata ba, wato tarin alƙaluman ƙidayar tsuntsayen ruwa da aka daɗe ana yi a fadamar Haɗejiya da Nguru. Tun daga shekarar 1987, lokacin da aka kafa shirin kare wannan fadama tare da haɗin gwiwar Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin waje, mutane ke shiga ruwa da sanyin Janairu suna ƙirga dinya da kirinjijiya da zalɓe da gauraka, da kuma ƙananan agwagi da sauran baƙin tsuntsaye masu tasowa daga Turai da Rasha su ƙetare Sahara domin su yi hunturu a wurinmu. Wasu sun ƙirga daga cikin kwalekwale, wasu a ƙafa daga bakin gaɓa, wasu daga jirgin sama, a baya-bayan nan kuma matasa masu sha'awar tsuntsaye suna rubuta abin da suka gani a wayoyinsu. Roƙona shi ne ku sa a tattara waɗannan alƙaluma wuri guda, a ba masana ƙididdiga su haɗa su cikin tsarin lissafi ɗaya wanda ke la'akari da yadda aka samo kowanne, a kuma daina jera su kusa da juna a cikin rahoto kamar da ma'auni ɗaya aka auna su.

Wajibcin wannan aiki a rubuce yake. Tafkin Nguru da mashigin Marma, mai faɗin kadada 58,100, shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, sannan Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Daga cikin sharuɗɗan wannan jeri akwai biyu da suka dogara kacokan a kan adadi: wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a kai a kai, ko ya riƙa ɗaukar kashi 1 cikin 100 na dukkan al'ummar wani jinsi. Ƙasar da ta sa hannu a kan irin wannan alkawari, ta kuma amince a 2020 da mayar da Baturiya gandun daji na ƙasa, dole ta iya amsa tambaya mai sauƙi: tsuntsayen nan ƙaruwa suke yi ko raguwa, kuma da wane gwargwado? Jera jimillar shekara bayan shekara ba zai amsa wannan tambaya ba.

Dalili kuwa shi ne babu mai ƙidayar da ke ganin dukkan abin da ke gabansa. Lambar da ya rubuta a takarda haɗin abu biyu ce: yawan tsuntsayen da ke wurin a zahiri, da kuma rabon da idonsa ya iya kamawa daga cikinsu. Bari in ba da misali da lambobin da na zaɓa domin sauƙin lissafi kawai. A ce wani tafki yana da kirinjijiya 1,000, ruwan a buɗe yake, masu kwalekwale suka iya ganin shida cikin kowane goma, sai su rubuta 600. Bayan shekara goma ciyawar kachala ta rufe bakin tafkin, tsuntsayen suna nan 1,000 yadda suke, amma yanzu uku cikin goma ake iya hangowa, sai a rubuta 300. Duk wanda ya ɗauki takardun nan biyu ya kwatanta zai rantse cewa rabin tsuntsayen sun ƙare, alhali ko ɗaya bai ragu ba. Akasin haka ya fi haɗari: tsuntsaye su ragu da gaske, amma a wannan shekarar an samu kuɗin aiki, an tura mutum goma da manyan madubin hangen nesa maimakon mutum uku, sai jimilla ta tsaya cik ko ma ta haura, kowa ya koma gida da kwanciyar hankali.

Kachalar da na ambata ba misali ba ce kawai, kuma ku kun fi ni sanin haka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar Kogin Haɗejiya ya canja: ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani, yanzu yana gudana a wasu mashigai kusan duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunta jefa taru, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi. Wannan ciyawa da ta fi tsayin mutum tana canja mazaunin tsuntsaye, tana kuma canja abin da mai ƙidaya zai iya gani, a lokaci guda. Wanda yake tsaye a cikin kwalekwale a wani lungu na Marma, ganyen kachala ya kewaye shi ta ko'ina, yana jin kukan kirinjijiya a bayan ciyawar amma ba ya ganin ko fiffike, ba shi da yadda zai raba tasirin nan biyu. Lissafi ne kaɗai zai iya raba su, shi ma sai an ba shi bayanan da yake bukata.

Akwai kuma rikicin yawan ruwa. A shekarar da ambaliya ta yi faɗi, kamar yadda aka gani a Jigawa a 2022, tsuntsaye kan bazu cikin dubban ƙananan kududdufai da babu mai iya kaiwa gare su duka, sai ƙidaya ta fito ƙasa. A shekarar fari kuwa sukan taru a 'yan tafkunan da suka rage, a ƙirga su cikin sauƙi, sai ƙidaya ta fito sama a daidai lokacin da suke cikin wahala. Haka nan tsuntsun da bai zo Nguru bana ba, mai yiwuwa yana Tafkin Chadi, ko fadamar Logone a Kamaru, ko Tafkin Fitri a ƙasar Chadi, ko can fadamar Kogin Neja da ke tsakiyar Mali. Raguwa a wuri ɗaya ba lalle ta zama mutuwa ba, tana iya zama ƙaura.

Masana ƙididdigar halittu sun daɗe da samar da hanyoyin auna rabon da ido ke kamawa, kuma wasunsu ba su bukatar wani kayan aiki da ya wuce takarda da fensir. Ɗaya daga ciki ita ce a sa mutum biyu su bi hanya ɗaya, kowa yana rubuta nasa ba tare da ya gaya wa ɗan'uwansa ba, daga baya a kwatanta. A ce na farko ya ga gauraka 80, na biyu ya ga 60, waɗanda suka yi tarayya a gani kuma 48 ne. Tunda na farko ya kama 48 daga cikin 60 ɗin da muka tabbatar suna nan, to yana ganin takwas cikin goma ke nan, saboda haka 80 ɗinsa na nufin kimanin 100. Su biyun a haɗe sun ga 92, wato akwai kimanin takwas da suka kuɓuce wa kowa, kuma lissafi ya nuna mana su ba tare da an gan su ba. Wata hanyar ita ce a riƙa rubuta nisan kowane tsuntsu daga layin da ake bi, domin yadda adadi ke raguwa da ƙaruwar nisa shi ke bayyana yawan waɗanda aka tsallake. Wata kuma ita ce a koma tafki ɗaya sau uku ko huɗu cikin 'yan kwanaki, bambancin da ke tsakanin ziyarce-ziyarcen ya zama ma'aunin kuskuren ido. Ga manyan garkuna masu dubbai, inda bincike ya sha nuna cewa mutane kan yi ƙiyasi ƙasa da gaskiya, hoto daga sama da ake ƙirgawa a natse a kan kwamfuta shi ne abin gwaji.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne haɗa ƙidaya iri daban-daban. Tunanin da ke ƙarƙashin tsarin haɗaka ba mai wuya ba ne. Ana ɗauka cewa a kowane tafki, a kowace shekara, akwai adadi ɗaya na gaskiya da babu wanda ya gani kai tsaye, kuma wannan adadi yana da alaƙa da abubuwan da za a iya aunawa, kamar faɗin ruwa, da yawan kachala, da adadin bara. Sannan kowace irin ƙidaya ana ba ta nata ɓangaren lissafi da ke bayyana yadda take kallon wannan adadi guda. Jirgin sama yana game ƙasa mai faɗi cikin sa'o'i kaɗan, yana ganin fararen tsuntsaye manya irin su kwasakwasa da balbela da kyau, amma ƙananan masu launin ƙasa suna ɓace masa, kuma da wuya ya bambance jinsuna masu kama da juna. Kwalekwale yana bambance jinsi sosai amma ba ya wuce inda ruwa ya buɗe. Mai tafiya a ƙafa yana tsayawa inda hanya ta tsaya. Alƙali mai hankali idan shaidu uku suka zo masa, ɗaya ya hango abin daga kan tudu, ɗaya daga bakin ƙofa, ɗaya ta taga, ba ya tara maganganunsu ya raba uku, yakan tambayi inda kowa ya tsaya da abin da zai yiwu ya gani daga can, sannan ya gina hukunci ɗaya. Aikin tsarin haɗaka ke nan, sai dai shi yana ƙarawa da faɗin iyakar tabbacinsa: ƙiyasi kaza, tsakanin kaza da kaza. Inda bayanai suka yi yawa tazarar kan matse, inda suka yi ƙaranci ta buɗe, kuma buɗewar ita kanta saƙo ce ga mai rabon kuɗi game da inda ya kamata a tura mutane baɗi.

Amma akwai sharaɗi, kuma a kansa nake so ku fi tsayawa. Lissafi ba zai iya sanin yadda idon jirgi yake da na kwalekwale ba sai in an taɓa sa su kallon wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Amurka da Kanada suna ƙidayar agwagi daga sama tun 1955, kuma a kowace shekara ana tura ma'aikata a ƙasa su sake ƙirga wasu zaɓaɓɓun sassa na layin da jirgi ya bi, daga nan a fitar da ma'aunin gyara ga kowane jinsi. Idan jirgi ya ga 400 a inda na ƙasa suka ga 600, an san sauran alƙaluman jirgin na wannan jinsi suna bukatar ƙarin rabi. A Birtaniya, da suka yanke shawarar sauya tsohuwar ƙidayar tsuntsayensu da aka fara a 1962 da sabuwar hanya a 1994, ba su yanke tsohuwar nan take ba, sun bar su suna tafiya tare har 2000, kuma waɗannan shekaru na tarayya su ne gadar da ta ba su damar zana layi ɗaya daga shekarun 1960 zuwa yau. Wannan tsohuwar ƙidaya ce ma ta nuna mummunar faɗuwar wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro tsakanin 1968 da 1969, wadda daga baya aka danganta da ƙarancin ruwan sama a yankinmu na Sahel. Wato har a takardun wata ƙasa an karanta labarin farinmu.

Na kawo wannan ne saboda jirage marasa matuƙi sun fara arha, kuma ba da daɗewa ba wani mai ba da tallafi zai zo da su ya ce a ajiye kwalekwale. Ina roƙonku, duk shirin da ya zo da sabuwar hanya, ku sa masa sharaɗin tafiya tare da tsohuwar a tafkuna ɗaya na aƙalla wasu shekaru. In ba haka ba, ranar da sabuwar na'ura ta tashi ita ce ranar da aikin shekara talatin da wani abu zai zama tarihin da ba a iya kwatanta shi da komai.

Abu na biyu da tsarin ke bukata ya fi wannan arha, shi ne ainihin takardun fili, ba jimillar da aka buga a rahoto ba. Jimilla ta riga ta haɗiye duk bayanin da mai lissafi yake nema. Ana bukatar sanin sunan tafki da iyakarsa, da ranar, da ƙarfe nawa aka fara aka gama, da mutum nawa, da irin abin hawa, da ko akwai hazo, domin duk wanda ya san Janairu a Gashuwa ya san akwai ranar da ƙura kan sa ba a ganin ƙetaren tafki. Mafi muhimmanci, a bambance tsakanin wurin da aka je ba a ga komai ba da wurin da ba a je ba. Na farko sifili ne, bayani ne mai daraja, na biyu gurbi ne. A shekarun da rashin tsaro ya hana zirga-zirga a sassan Yobe, ko shekarun da kuɗin aiki ya yanke, akwai wuraren da ba a taka ba, kuma idan aka bar gurabensu suka shiga jimilla a matsayin sifili, za a ƙirƙiro raguwar da ba ta faru ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar Holan ta samar da manhajar TRIM musamman domin cike irin waɗannan gurabe ta hanyar duba yadda sauran wurare suka motsa a wannan shekara, ana kuma samun ta kyauta. Amma ba za ta iya cike gurbin da ba ta san gurbi ne ba. Waɗannan takardu suna warwatse a ofisoshi da akwatunan tsofaffin ma'aikata, gara da danshi ba sa jira, haka ma shekarun mutanen da za su iya tuna ko "Dagona" a takardar 1995 na nufin tafkin kaɗai ko har da kewayensa.

Kada a raina gudummawar masu sa kai. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara a 2015 ya raba ƙasar nan gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, mai sa kai ya shafe aƙalla sa'a biyu yana rubuta duk jinsin da ya gani. Wannan ba ya ba da adadi, kuma ya fi karkata ga wuraren da ke kusa da titi da gari. Duk da haka yana da abin da ƙidayar Janairu ba ta da shi: yana faɗin inda jinsi yake a sauran watanni da kuma wajen tafkunan da aka saba zuwa. Yawan lokutan da jinsi ke fitowa a jerin masu sa kai yana da alaƙa da yawansa, kuma a gidajen da bayanan biyu suka haɗu ana iya auna wannan alaƙa a yi amfani da ita a sauran. Faɗin ruwa kuwa na kowace shekara yana nan a hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda aka buɗe wa kowa kyauta tun 2008, har da na shekarun da suka gabaci fara ƙidayar.

Ba na cewa lissafi zai maye gurbin shiga ruwa. Tsarin da aka ciyar da bayanai marasa kyau zai fitar da amsa marar kyau cikin kyakkyawan zane, kuma wannan ya fi rashin amsa illa domin yana da kwarjini. Shi ya sa nake ganin bai kamata a miƙa aikin ga wani ɗan kwangila da zai zo ya tafi ba. Muna da sassan lissafi da na nazarin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da Jami'ar Jihar Yobe, da Bayero a Kano. A haɗa mai lissafi da mai gadin daji da masunci a tebur ɗaya, domin masuncin da ya ce dinya ba ta kwana a tafkin kaza sai da hantsi take zuwa, ya gyara zaton da tsarin ya ginu a kansa fiye da yadda kowace kwamfuta za ta iya. A kuma buɗe bayanan da lissafin ga duk mai son dubawa, yadda wani zai iya maimaitawa ya gano kuskure.

Masu girma, amfanin wannan bai tsaya ga tsuntsaye ba. Duk shekara ana yanke shawarar yawan ruwan da za a saki daga Tiga da Challawa da lokacin sakinsa, ana kashe kuɗi wajen yashe mashigai da sare kachala, kuma manoman shinkafa da masunta da makiyaya daga Haɗejiya har Gaidam suna rayuwa da sakamakon. Tsuntsayen ruwa suna cikin 'yan abubuwan da aka daɗe ana aunawa a wannan fadama, kuma suna bin ruwa da kifi da ciyawar da mutane ke bi. Idan aka daidaita alƙalumansu, za a iya tambayar ko yashe wani mashigi ya dawo da rai a ƙasansa, a samu amsa mai hujja. Tunda Komadugu Yobe, wadda ruwan wannan fadama ke kwarara cikinta, ita ce iyakarmu da jihar Diffa ta Nijar kafin ta faɗa Tafkin Chadi, ya dace Ma'aikatar Tarayya ta nemi a daidaita ranakun ƙidaya da maƙwabta ta hannun Hukumar Tafkin Chadi, domin kada garke ɗaya ya shiga takarda sau biyu ko ya kuɓuce wa kowa.

Abin da nake fatan gani kafin ƙidayar Janairu mai zuwa shi ne umarni daga ofisoshinku cewa a tattaro tsofaffin takardun fili a ɗauki hotonsu a shigar da su kwamfuta, a fitar da takardar ƙidaya iri ɗaya ga Jigawa da Yobe da gandun dajin Tafkin Chadi mai ɗauke da gurbin lokaci da yawan ma'aikata da yanayin gani, a kuma ware wasu tafkuna da za a ƙirga sau uku, da mutum biyu masu rubutu daban, ta kowace hanyar da ake amfani da ita.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin ilimin ƙididdiga, ɗan yankin Haɗejiya